Yamai ko Damagaram: Kafin ɗalibi ya sauya jami'a

A kowace shekara akan sami iyaye a unguwar Zango da kewayen kasuwar Dole da ke fuskantar tambaya guda: yaro ya yi shekara ɗaya ko biyu yana karatu a Yamai, yanzu yana so ya dawo gida, ko kuma yarinya tana karatu a nan Damagaram, ta ce sai Yamai. Da yake kuɗin karatun daga ribar tebur da rumfa yake fita, ya kamata iyaye su san abin da za su duba kafin su amince.

Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ce babbar yaya. An kafa ta a 1971, aka sa mata wannan suna a 1992. Ta Damagaram kuwa ta zama cikakkiyar jami'a a 2010, tare da na Maraɗi da Tawa, kuma yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi haifaffen garin nan wanda ya rubuta tarihin masarautar Damagaram, ya kuma jagoranci babban taron ƙasa na 1991.

Abu na farko shi ne fannin karatu. Damagaram tana da sashen likitanci, da na kimiyya, da na adabi da ilimin zamantakewa, da na ilimin koyarwa, ga kuma cibiyar koyon fasaha. Amma mai neman ilimin shari'a, Yamai ko Tawa ce hanyarsa. Don haka a fara tambaya: abin da yaron ya faro, akwai irinsa a inda zai koma? In babu, ya zama sabon shiga ke nan, shekarun baya sun tafi a banza.

Na biyu, lissafin maki. Jami'o'in ƙasar nan suna bin tsarin da ake kira LMD. Digirin farko, wato lisans, shekara 3 ne, kowace shekara zango 2, kowane zango maki 30, jimla 180. Wanda ya kammala shekararsa da maki 60 cif, ya karɓi takardar sakamakonsa, shi ne ke da abin nunawa. Wanda ya taso a tsakiyar shekara ko da bashin darussa a kansa, tamkar ɗan kasuwa ne da ya bar rumfa bai karɓi kuɗinsa ba. Kuma jami'ar da za a koma ita ke da ta cewa kan abin da za ta amince da shi. Kada yaro ya saki rajistarsa ta farko sai ya riƙe amincewar ta biyu a rubuce. Kowa ya san ƙarshen wanda ya saki reshe ya kama ganye.

Na uku, aljihu. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne. Ɗalibin da ke can yana bukatar kuɗin mota, ɗaki da abinci, alhali na gida tukunya ɗaya yake ci da ƙannensa. Sai dai zaman gida ma yana da nasa tsadar, musamman ga 'ya mace, wadda aikin gida da tsaron rumfa kan cinye mata lokacin bita. In kuma yaro yana samun tallafin gwamnati, a tuntuɓi hukumar ANAB tun da wuri a ji matsayin kuɗinsa bayan sauyin.

A ƙarshe, a zauna da yaron a ji ainihin dalilinsa. In rashin lafiya ne, ko tsadar rayuwa, ko fannin da babu shi a inda yake, sauyi yana da amfani. In kuwa faɗuwa jarrabawa ce yake gudu, sauya gari ba zai sauya sakamako ba. Allah Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka.