A Bi Haziƙan Yara Har Cikin Ajinsu

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa a ƙaramar sakandare ya san irin yaron. Ana cikin rubuta lissafi a allo, kafin a ajiye alli ya riga ya fitar da amsa, ya rufe littafi yana kallon taga. Abin da aka saba saka masa da shi shi ne a naɗa shi monita, ya riƙa rubuta sunayen masu surutu, ko a ce ya kwafe wa malam darasi a allo. Haka zai yi shekara uku yana jiran 'yan ajinsu su iso inda yake. Akwai irinsa a Boɗinga da Sifawa da Dingyaɗi, akwai a Shagari da Kajiji da Dandin Mahe, maza da mata. Ina ganin babban kuskurenmu game da su shi ne mun zauna muna jira su kawo kansu, alhali yaron ƙauye mai shekara goma sha biyu bai san akwai wata ƙofa da aka buɗe dominsa ba, balle ya ƙwanƙwasa ta.

Wannan yanki bai kamata a koya masa darajar gano yaro da wuri ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga lokacin da Shehu yake Sifawa, ya faɗi a littafinsa Ida'un Nusukh cewa mahaifinsu ne ya karantar da shi Alƙur'ani, sannan yana ɗan shekara goma sha uku aka damƙa shi hannun wansa Shehu Usmanu. Shekarun ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ke nan a yau. Alhaji Shehu Shagari, da aka haifa a 1925, ya yi elementare a Yabo, aka ɗauke shi zuwa Midil ta Sakkwato, daga can ya wuce Kwalejin Kaduna a 1941, ya dawo yana koyar da kimiyya a makarantar da ta yaye shi. Sai dai dukansu biyun gidan da suka fito ne ya sa ido ya kai kansu: ɗaya ɗan babban malami, ɗaya ɗan gidan Magajin Shagari. Ɗan manomin da ke zaune kusa da su, mai kai irin nasu, sai dai in sa'a ta ratsa ta kansa.

Gwamnatin tarayya ta yi nata yunƙurin. A zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi aka tsara shirin ilimantar da haziƙan yara, wanda ya haifar da makarantar Suleja a jihar Neja, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1990. Jigawa ma ta gina tata a Bamaina lokacin Sule Lamido. Amma dubi yadda ake shiga Suleja. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar, rajista ta intanet ake yi, tambayoyin da Turanci suke, kuma sai an kai yaro cibiyar da za a rubuta. Ke nan kafin a auna ƙwaƙwalwar yaro an riga an auna uban: ya ji labari? Yana da kuɗin fom da na mota? Ya sa ɗansa makarantar da ake magana da Turanci tun daga nazare? Jarrabawa irin wannan takan tsinto ɗan ma'aikaci mai hazaƙa, kuma ya cancanta, amma ba ta taɓa haɗuwa da yarinyar da ke lissafa canjin mutum biyar a ka a ranar kasuwa ba tare da ta yi kuskuren naira ɗaya ba.

Akwai hujja daga waje da ke nuna girman asarar. A gundumar Broward ta jihar Florida a Amurka, da can sai iyaye ko malami sun gabatar da yaro kafin a gwada hazaƙarsa. A 2005 aka sauya, aka ce kowane ɗan aji biyu na firamare sai ya zauna gwajin tunani wanda ba ya dogara da iya harshe, siffofi ne da zane. Masana tattalin arziki David Card da Laura Giuliano sun bi sakamakon, suka ga adadin 'ya'yan talakawa da aka gano haziƙai ne ya haura ninki biyu, ba tare da an sassauta ma'auni ba. Da kuɗi ya yi ƙaranci aka dakatar da shirin, sai adadin ya koma gidan jiya. Yaran suna nan tun farko, ba a duba ba ne kawai. Darasi na biyu daga Julian Stanley ne na Jami'ar Johns Hopkins, wanda tun farkon shekarun 1970 ya riƙa ba 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha uku jarrabawar lissafi ta masu neman shiga jami'a. Dalilinsa mai sauƙi ne: idan yara goma duk sun cinye jarrabawar ajinsu, ba za ka san wanda ya yi nisa ƙwarai ba sai ka ba su abin da ya fi ƙarfin ajin.

To me zai hana a yi haka a ƙananan hukumomi biyu? A ware rana guda a zangon karatu na biyu, kowane ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Boɗinga da Shagari ya zauna gwajin lissafi da tunani a cikin ajinsa, kyauta, a karanta masa umarni da Hausa, da Fulfulde inda ake bukata. A gayyaci malaman allo da na Islamiyya su kawo nasu, domin yaron da ya haddace izu talatin kafin ya balaga ya riga ya nuna wani abu. Waɗanda suka yi zarra a sake ba su takardar da ta fi ajinsu da shekara biyu. Daga nan ba lallai a kwashe su zuwa wata makarantar kwana ba. Ajin Asabar a makaranta ɗaya cikin kowace gunduma, da zaman mako uku a dogon hutu tare da malamai daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da akwatin littattafai da yaro zai ara ya tafi da su gida, sun isa a fara. Kano ta nuna amfanin zaɓe a waɗannan shekaru tun 1977, da ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tana tace yara daga makarantun jihar, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba su ƙirguwa. Indiya kuwa, a makarantun Navodaya da ta kafa daga 1986, kashi 75 cikin ɗari na gurabe ta keɓe wa yaran karkara.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, jihar Sakkwato, da sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015, wadda yara da yawa ke zaune a ƙasa wasu kuma ba su ma zo makarantar ba, ina ta ga sararin lele da 'yan ƙalilan? Amsata ita ce kuɗin da wannan tsari zai ci bai kai na gina rukunin ajujuwa ɗaya ba, tunda takarda ce da alawus ɗin malamai da kuɗin mota. Sannan ƙarancin malaman lissafi da kimiyya da ake kuka da shi ba daga sama za a magance shi ba. Wanda zai yarda ya zauna ya koyar a Kajiji, ko ya duba marasa lafiya a asibitin Boɗinga, galibi ɗan wurin ne, kuma yanzu haka yana aji biyu. Gwajin kowa da kowa ma yana da wata riba: zai nuna wa sakataren ilimi makarantar da yaranta ba su iya karatu ba sam.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne gwaji yana kuskure. Lewis Terman, wanda ya tace haziƙan yara a Kalifoniya a shekarun 1920, ya bar yara biyu a baya, William Shockley da Luis Alvarez, kuma dukansu sun zo sun ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks. Yaron da ya zo gwaji da zazzaɓi ko bai karya ba zai faɗi. Don haka kada a rufe ƙofa da zama ɗaya, a sake gwaji a aji biyu da aji uku, kuma kada a liƙa wa kowa lambar daƙiƙi. Haka batun sanayya, wanda shi ne zai kashe shirin tun yana jariri in aka bari kansila ko hakimi ya aiko da sunaye. A yi makin takardu a wajen ƙaramar hukumar, da lamba maimakon suna, a kafe sakamako a bangon makaranta.

'Yan mata su ne za su fi cin moriyar a kawo karatun kusa. Uban da ke jin labarin satar ɗalibai a Zamfara da Kebbi ba zai tura 'yarsa mai shekara goma sha biyu Suleja ba, kuma ba a ga laifinsa. Amma zai iya barinta ta je ajin Asabar da safe a makarantar da yake hangen rufinta daga gona, ta dawo kafin azahar, musamman idan shugaban makaranta ya tako har zaurensa da takardar sakamako a hannu ya ce masa, "Malam, 'yarka ce ta zo ta ɗaya a gundumar nan."