Hajiya, Salularki Ba Ta Lalace Ba, Tebur Ne Ya Cika

Kwanan baya wata hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Agadez ta kira ni cikin shirina na rediyo, ranta a ɓace. Ta ce tana tsakiyar ciniki da dillalinta na Kano ta WhatsApp sai salula ta daskare, kafin ta farfaɗo wani ya riga ta ga kayan. Ta biya mai gyara jika biyar, washegari matsalar ta dawo.

To jama'a, salula tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai sito, inda hotuna da bidiyo suke kwana. Akwai kuma tebur, wanda ake kira RAM, inda ake baza abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu. Mai rabon wuri a teburin nan, kamar sarkin kasuwa, wata uwar manhaja ce mai suna Linux, wadda wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a ƙasar Finland a 1991. A kanta aka gina Android.

Tana yanka teburin ƙanana-ƙanana, galibi kilobait 4 kowane yanki, ta raba wa manhajoji. Idan wuri ya ƙare, sai ta kori wadda ba a amfani da ita. Shi ya sa in kin leƙa Facebook kin dawo, sai ki tarar WhatsApp ya sake tashi daga farko.

Wani lokaci kuma kuskuren rubutu ne: a ari wuri a manta ba a mayar ba, ko a zuba kaya a wurin maƙwabci. Masana ba sa yin canke a nan. Sun ƙera masu gadi cikin Linux: Kmemleak, tun 2009, mai gano wurin da aka ara ba a mayar ba, da KASAN, tun 2015, mai kama wanda ya ƙetare iyaka. Da yake gadin yana rage sauri, a wurin gwaji ake kunna su.

Mu ma sai mu duba kafin mu biya. Ki kashe salula ki kunna. Ki shiga Paramètres, ki duba Stockage, ki share bidiyoyin gurup, domin cikar sito ma tana kawo nauyi. Kada ki bar ta cikin ranar Agadez, zafi yana rage mata sauri. In za ki sayi sabuwa, mai shago ya ce giga 64, sito yake nufi. Ki tambaye shi RAM nawa ne, don giga 4 ta fi 2 sarari.

Abu mafi muhimmanci, kada ki yarda a wanke salula sai kin kwafe lambobin abokan ciniki da lissafin bashi a littafi. In suka tafi, mai gyara ba zai biya ki ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.