Rajistar Ƙirƙira: Darasi Ga Masu Bincike A Minna

MINNA – A 1983, shekarar da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wani injiniya haifaffen Kumasi ta ƙasar Gana, Dokta Thomas Mensah, ya kama aiki a kamfanin gilashi na Corning a Amurka. A can ya taimaka wajen hanzarta ƙera zaren gilashi, siriri kamar gashi, mai ɗaukar saƙonnin tarho da intanet ta hanyar haske. Kafin mutuwarsa a 2024, an yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire da dama da sunansa.

Irin wannan rajista ce ke mayar da bincike ya zama dukiya, domin mai takardar ne ke da ikon sayar da lasisi ga masana'antu.

A Nijeriya, dokar 1970 ta ba da kariyar shekara 20, amma ga wanda ya riga shigar da takarda. Ke nan malamin jami'ar Minna, ko injiniyan cibiyar ƙera kayan kimiyya ta SEDI da ke garin, in ya wallafa sakamakonsa kafin rajista, yana iya rasa haƙƙinsa baki ɗaya.