Yadda Antibayotik Yake Kashe Ƙwayoyin Cuta

A unguwar Fezzan da ke birnin Maiduguri, kamar a sauran unguwanninmu, idan mura ta kama yaro, sau da yawa akan aika kemis a sayo kafso biyu ko uku. Irin wannan magani shi ake kira antibayotik. To, wane aiki yake yi a cikin jiki?

Antibayotik magani ne da ke yaƙar bakteriya, wato wasu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke haddasa taifot da kwalara da tarin fuka. A shekarar 1928, wani masani mai suna Alexander Fleming ya lura a Landan cewa wata irin fumfuna tana hana bakteriya yaɗuwa a kusa da ita. Daga wannan fumfuna aka samo fenisilin.

Hikimar maganin ita ce, yana kai hari ga sassan bakteriya waɗanda suka bambanta da na jikin mutum. Galibi bakteriya tana da bango mai kāre ta, kamar ganuwar gari. Fenisilin da amoksisilin suna hana ta gina wannan bango, sai ruwa ya shige ta, ta kumbura, ta fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin ba ya rusa su. Tetarasaikilin kuwa yana hana bakteriya haɗa furotin, saboda haka ba za ta girma ba, har sojojin jiki su gama da ita. Shi kuma sifurofulokzasin yana hana ta hayayyafa.

Amma ƙarfin maganin ya dogara ga abubuwa da dama. Na farko, dacewarsa da cutar. Mura bairas ne ke kawo ta, ba bakteriya ba, don haka antibayotik ba ya yi mata komai. Na biyu, lokaci. Idan likita ya ce a sha sau uku a rana, ana nufin bayan kowace awa 8, domin kada maganin ya ragu a cikin jini. Na uku, abinci. Wanda ya sha tetarasaikilin tare da fura da nono ya rage masa ƙarfi, domin sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana hana hanji tsotse shi. Na huɗu, ajiya da inganci. A watan Afrilu zafin Maiduguri kan wuce digiri 40, kuma maganin da ya yini a rana a farantin mai talla yana iya lalacewa. Haka nan, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

Babban haɗarin shi ne, idan aka sha magani barkatai, raunanan bakteriya suna mutuwa, masu juriya su tsira su hayayyafa. Gobe idan cutar ta dawo, maganin jiya ba zai yi aiki ba. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 irin waɗannan bakteriya sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada mu sha antibayotik sai da izinin likita, kuma mu sha shi daidai yadda ya tsara.

Tambayoyi

1. Ta yaya fenisilin yake kashe bakteriya?
2. Me ya sa antibayotik ba ya maganin mura?
3. Kawo abubuwa uku da ke rage ƙarfin magani.
4. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimla: fumfuna, ganuwa, barkatai, juriya.