Allin Da Ke Toshe Tukunyar Ɗumama Gida A Ingila

A ƙasar Ingila, inda sanyin hunturu kan tsananta har ruwa ya daskare, babu abin da magidanci ke fargaba kamar ya wayi gari cikin watan Janairu ya tarar tukunyar ɗumama gidansa ta ƙi aiki. Ita wannan tukunya, wadda Turawa ke kira boila, na'ura ce mai aiki da iskar gas wadda galibi ake kafawa a bangon ɗakin girki. Aikinta iri biyu ne: ta dafa ruwan da ke zagayawa cikin lagiretocin da ke ɗumama ɗakuna, ta kuma ba da ruwan zafi a famfo don wanka da wanke-wanke. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaman haya a London sun san cewa ranar da ta tsaya, tsofaffi da jarirai su ne cikin haɗari.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kudanci da gabashin Ingila, har da London, suna zaune ne bisa dutsen alli da na farar ƙasa, irin wanda ake hangowa fari fat a gaɓar tekun Dover. Idan ruwan sama ya ratsa wannan dutse yakan narkar da wani abu daga cikinsa, ya tafi da shi har famfon gida. Ido ba ya ganinsa, kuma ba ya cutar da mai sha. Amma da zarar an dafa ruwan ya haura digiri 60, sai allin ya rabu da shi ya manne a jikin ƙarfe, kamar farin ɓawon nan da mai shayi kan gani a gindin butarsa. Mutanen Birmingham, waɗanda tun 1904 ake jawo musu ruwa daga Kwarin Elan na Wales, da na Manchester masu shan ruwan tafkin Thirlmere tun 1894, ba su cika fama da wannan matsala ba.

Inda abin ya fi ɓarna shi ne na'urar musayar zafi. A tukunyar da ta fi yawa a gidaje, wannan na'ura ba ta wuce girman littafi mai kauri ba. Faifai ne siraran na ƙarfe marar tsatsa da aka jera aka haɗe, tsakaninsu da 'yar kafa ta milimita kaɗan. Ruwan tukunya mai zafi yana bi ta gefe guda, ruwan famfo mai sanyi yana bi ta ɗaya gefen, zafi ya ratsa ƙarfen ba tare da ruwan biyu sun gauraya ba. Alli kan toshe gefen famfo, shi kuwa gefen tukunya baƙin laka ne ke cika shi, watau tsatsar da ke fitowa daga cikin lagiretoci.

Alamar toshewa ba ta da wuyar ganewa. Mai wanka zai ji ruwa ya yi zafi, can ya koma sanyi, can ya sake zafi. Dalili kuwa shi ne zafin ya rasa hanyar fita, tukunya ta ɗauki zafi fiye da kima, sai ma'auninta ya kashe wutar, in ta huce ya sake kunnawa. Wani lokaci kuma a ji ta tana gurnani kamar buta a kan murhu. Daɗin daɗawa, ɓawon yana hana zafi ratsawa, saboda haka ana ƙona gas da yawa a sami amfani kaɗan, abin da ya dami iyalai ƙwarai bayan tashin farashin gas na 2022.

Gyara hanya biyu ce. Da farko injiniya kan kashe gas da lantarki, ya rufe ruwa, ya tsiyaye tukunya, sa'an nan ya kwance na'urar. In wankewa za a yi, sai a tura mata ruwan asid mai sauƙi, irin wanda ke cikin lemun tsami. Muddin akwai alli za a ga kumfa na tashi, in ya daina an gama. Daga nan a ɗauraye ta sosai, a mayar da ita da sababbin robobin toshe yoyo. Amma fa wankewa ba ta kan yi nasara kullum ba, don wani sa'in ɓawon ne ke rufe wata 'yar huda, da an cire shi sai yoyo ya bayyana. Shi ya sa injiniyoyi da yawa suka fi son sa sabuwa, tun da kuɗin aikin wankewa kan kusanci kuɗinta. Idan kuwa babbar na'urar da ke bisa wutar ce ta lalace a tsohuwar tukunya, sau da yawa sake tukunyar ɗungum ya fi araha. Ko wacce hanya aka bi, in ba a wanke bututu da lagiretoci ba, lakar za ta koma ta toshe sabuwar.

Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Tukunyar da aka mayar ba daidai ba tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuwa kashe mutum yana barci. Dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba kayan gas kowace shekara, ya kuma ba ɗan haya takardar shaida. Tun watan Afrilu na 2009, sai wanda sunansa ke cikin rajistar Gas Safe ke da izinin yin sana'ar gyaran gas, kuma haƙƙin ɗan haya ne ya nemi ganin katinsa tun a bakin ƙofa.

Rigakafi dai ya fi magani. Ana ɗaura matatar maganaɗisu a bututu ta riƙa kama tsatsa, a zuba maganin hana tsatsa cikin ruwan lagireto, a kuma sa na'urar rage alli inda ya wuce kashi 200 cikin miliyan, kamar yadda ƙa'idar gini ta Ingila ta tanada. Wanda ya sa aka duba tukunyarsa tun da kaka, ba zai shiga layin masu jiran injiniya a tsakiyar hunturu ba.