Gajiyar da Hutun Zango Ba Ya Sauke wa Malami

Tsarin ilimi na Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Duk wanda ya taɓa leƙa makarantar gwamnati a cikin birnin Kano ko Katsina ya san adadin nan a takarda ya tsaya. Ajin da ya haura yara ɗari ba abin mamaki ba ne: wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Malamar da ta wuni tsaye a gabansu za ta koma gida da jakar littattafan dubawa, ga girki, ga nata 'ya'yan. Namijin kuwa daga aji sai lesin na yamma ko jan adaidaita sahu, don albashi ba ya kai ƙarshen wata, balle tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. In ya koka, sai a ce masa ladan malami yana sama.

To, kafin a je saman, jiki yana nan ƙasa yana biyan bashi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wata irin gajiya da ke samuwa idan matsin aiki ya daɗe ba a magance shi ba. Ba ta kira ta cuta ba, amma ta ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Ta biyun ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Malamin da a da ya san sunan kowane yaro, yanzu ganinsu ma ɓata masa rai yake yi, abu kaɗan sai bulala. Jama'a su ce ya lalace, ko ba ya tsoron Allah. Sau tari ba haka ba ne. Zuciya ce ta janye don ta tsira da ɗan abin da ya rage mata.

Idan mutum ya shiga matsi, wasu 'yan ƙulolai da ke saman ƙoda suna sakin sinadarai, ciki har da kotisol, masu ƙara bugun zuciya da sukari a jini don a fuskanci haɗari. Na ɗan lokaci aka yi su. Idan suka zama na kullum, barci ya lalace, jini ya hau, mantuwa ta yawaita. Shi ya sa hutun zango ba ya wadatarwa: mako biyu da komawa, an dawo gidan jiya.

Shawarar a tafi yawon buɗe ido ba ta mai jiran albashi ba ce. A ganina, kula da kai ga malami daga maƙogwaro take farawa, domin murya ce jarinsa. Ɗaga murya a kan yara ɗari, ga ƙurar alli, ga bushewar hunturu, yana kumbura tantanin murya, har ya iya yin kanta kamar tafin hannun manomi. Raɗa ma ba hutu ba ce, wahalar da shi take yi. Ruwa a kusa, a riƙa kurɓa. A saba wa yara da wata alama, tafi ko ƙwanƙwasa tebur, maimakon “ku yi shiru!” sau hamsin. A shiga tsakiyar aji a yi magana, ba daga jikin allo kaɗai ba. Dishewar da ta wuce mako uku kuwa ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, ba ta citta da zuma ba.

Sai duba littattafai, mai cinye dare. Ba dole ne jan biron malami ya bi kowane shafi kullum ba. Yara za su iya musayar littattafai a yi gyara tare a allo, shi kuma ya ɗauki na layi ɗaya yau, na wani gobe. Kuskuren da ya gani a goma, shi ne a sauran. Ya sa wa kansa lokacin rufe jaka, da lokacin daina amsa saƙon WhatsApp na makaranta, don babba yana buƙatar barcin awa bakwai aƙalla. Ya riƙa auna jininsa, tunda hawan jini ba ya sallama. Haɗin ƙwayoyin gajiya na kemis kuma ɓoye ciwo kawai yake yi.

Addu'a da hira da abokan aiki suna sauke nauyi sosai. Amma idan ƙunci ya kai mako biyu ba ya ɗagawa, abinci ba daɗi, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, a nemi likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Duk wannan ba zai rage aji daga ɗari zuwa arba'in ba. Wata dokar Najeriya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, alhali UNESCO ta ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na buƙatar sababbin malamai miliyan 15 kafin 2030. Ɗaukar malamai da biyan albashi a kan kari na gwamnati ne. Akwai dai abin da ke hannun hedimasta ba tare da kashe ko kwabo ba: ya raba darussa da adalci, ya bar wa kowa sarari a jadawali, ya kuma daina ɗora ajin wanda bai zo ba a kan malamin nan ɗaya da kunya ke hana shi cewa a'a.