Digiri na biyu a tarihi: abin da ke jiran ɗalibi a Lafia

Ma'aikacin tarayya da ya samu hutun ƙaro ilimi, ya bi ta Keffi da Akwanga zuwa Jami'ar Tarayya ta Lafia, wadda aka kafa a 2011, zai tarar rabin aikinsa ba a aji yake ba. Rahotannin Turawan mulkin mallaka kan tsohon Lardin Binuwai suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma ba za su gudu ba. Abin gaggawa yana bakin tsofaffi, waɗanda ajali ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya: yadda Barebari suka kafa Lafia, da yadda matan Keana ke dafa gishiri tun kaka da kakanni. Wasu daga cikinsu sun fi sakin baki da harshen Alago, sai ɗalibi ya tanadi kuɗin tafinta.